Lambobin Auta

Litinin, 3 ga Maris

Yau ma baƙi sun zo, mota biyu, har da mai ɗaukar hoto. Suka wuce ta gaban ofishin da nake ginawa, hawa huɗu cikin wata biyar, ko ɗaga kai ba su yi ba. Kai tsaye sai tsohon gidan waya, wajen Auta. Ƙanina, wanda ni na koya masa riƙon cokalin gini, shi ne yanzu gwanin dutse. Mutum sittin ke ƙarƙashina, shi huɗu. Dutse uku yake ɗorawa a wuni, in ya yi sauri ke nan. Fili ɗaya, kamfani ɗaya, amma wai nasa ne aikin tarihi.

Haushi nake ji. A nan dai ba sai na ɓoye ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Auta ya gama sauke bakan dutse na saman babbar ƙofar gidan wayar, wanda ya tsage tun bara. Duwatsu arba'in da ɗaya, kowanne ya rubuta masa lamba da alli, ya jera su a gindin bangona yadda za su koma. Na ce ya sa fenti kamar mai hankali. Wai fenti yana shiga jikin dutse, Injiniya, shugabar aikinmu, ta hana. Har shafa su yake da hannu kamar mai duba jarirai. Siminti ma ba ya taɓawa, sai kwaɓin farar ƙasa da yashi, abin da ke kwashe mako bai kama ba.

Asabar, 8 ga Maris

Gidan Inna. Ta manna hotonsa na jarida a jikin firij, duk wanda ya shigo sai ta nuna masa. Ta ce da ni, "Kai ba a ɗauke ka ba ne?" Na ce ina aiki lokacin. "To, Allah ya kawo naka."

Ɗakin da take zaune a ciki ni na gina shi, daga tushe har rufi. Loma uku na yi na wanke hannu.

Litinin, 10 ga Maris

Gobe zuba kankaren rufin hawa na huɗu, daga nan sai ban ruwa na kwana bakwai don kada ya tsattsage. Auta ya hawo sama ya same ni. "Yaya, bututun da ke zubar da ruwanku saitin duwatsuna yake. Don Allah a juya shi baya kafin jibi." Na ce to.

A gaban leburorina ya faɗa. Shi ne abin da ya tsaya mini a rai.

Laraba, 12 ga Maris

Ban juya ba. Da farko mantuwa ce, wallahi. Amma da hantsi, da aka kunna tiyo, ina tsaye a bakin rufi na ga ruwan yana sauka a kan duwatsun, fari-fari, yana tafiya da allin. Shi da mutanensa suna can cikin gidan waya. Ihu ɗaya zan yi a kashe famfo. Waya ce a kunnena, mai kawo rodi ke magana, sai na ce wa kaina bari in gama da shi tukuna. Na ja hirar. Har lafiyar iyalinsa na tambaya, mutumin da ko sunan unguwarsu ban sani ba.

Lambobi tara kawai suka rage ana iya karantawa.

Abin kunyar, na ji wani sanyi a raina. Bai daɗe ba, amma na ji shi.

Alhamis, 13 ga Maris

Injiniya ta tara mu. Masu duba gine-ginen tarihi za su zo ran ashirin da bakwai. In bakan bai tsaya ba zuwa lokacin, za a karɓe aikin daga hannun Auta, ni in zuba shi da kankare a lulluɓe da ɓawon dutse. Ta tambaye shi yadda aka yi. Na sunkuyar da kai ina jiran in ji kalmar bututu.

"Laifina ne, ranki ya daɗe. Ban rufe su da tampol ba."

Shi ke nan abin da ya ce. Ko kallona bai yi ba. Wannan ma ya ba ni haushi, har a nan sai ya fi ni?

Juma'a, 14 ga Maris

Injiniya ta ce in kawo mata lissafin kwanakin da kankaren zai ci. Huɗu ne. Ban kai ba.

Asabar, 15 ga Maris

Daga sama nake hango shi. Sai su ɗaga dutse su biyu, su kanga shi da wani, su duba, su sauke. Kowane dutse da irin sassaƙarsa, in ya zauna a gurbin da ba nasa ba, bakan zai sake buɗewa ranar da aka zare katakon da ke tallafe da shi. Wuni guda, biyu suka gano. A haka sai sun yi wata.

Maman yara ta ce matarsa ta kira ta, wai ba ya cin abinci. Ta ƙura mini ido. Na ce ni likita ne?

Lahadi, 16 ga Maris

Na je duba ban ruwa, abin da ya kai ni ke nan. Na tarar da Auta shi kaɗai, durƙushe a cikin duwatsu, leɓensa ya bushe. Na tsaya kamar mai wucewa. Sai na lura da tsohuwar farar ƙasar da ta maƙale a gefen kowane dutse: inda ta ɓalle a jikin wannan, ragowarta tana jikin maƙwabcinsa. Na nuna masa da ƙafa. Ya duba, ya sake dubawa. "Yaya, kama can." Na kama. Suka haɗu, ko takarda ba za ta shiga ba.

Har la'asar muna yi. Goma sha huɗu. Bayana kamar an yi mini duka.

Muna wanke hannu ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ranar nan na fito ɗaukar guduma, na gan ka a sama kana waya." Na rasa inda zan sa idona. Na ce to me ya hana ka faɗa wa Injiniya? Ya ce, "In faɗa mata me? In ce yayana ne?" Ya yarfe hannu, ya ɗauki kwalkwalinsa ya tafi.

Na daɗe a bakin famfon.

Litinin, 17 ga Maris

Na shiga ofishin Injiniya na gaya mata zancen bututu, har da wayar. Ta ce takardar gargaɗi za ta shiga fayil ɗina. Ta ƙara wa Auta mako biyu. Game da zuba bakan da kankare na ce kafintocina ba su da sarari, wanda kusan gaskiya ne.

Alhamis, 20 ga Maris

Dutse na talatin da takwas ni na gano shi, kuma na tabbata babu jaridar da za ta rubuta. Har yanzu ina ganin aikin nasa ya cika nawa, ba na jin zan canza ra'ayi. Kafin mutanena su iso nake ɗan leƙawa, don dai in ga an tashi daga gindin bangona.

Yau ya miƙo mini shebur in yi masa kwaɓi, mutanensa duk suna sama. Na yi, na kai masa. Ya taɓa da cokali, a gaban leburori biyu nawa da suka zo nemana.

"Ya yi ruwa, Yaya. Sake."

Na sake.