Ni Ce Na Wanke Fifet Ɗinka

Zuwa ga sanyin idona, gawona mai ganye a tsakiyar rani, Baban Muhsina,

Ina gaishe ka gaisuwar mai kewa, da fatan ka isa Safana lafiya. Ka yi haƙuri da rubutuna. Hannun da ya fara riƙe biro a shekara arba'in ba ya tafiya a miƙe, amma abin da ke raina baki ya kasa faɗa.

Ka tuna Larabar da gwajin jini ya ce ƙodar autarmu Muhsina ta lalace? Na zauna a ƙofar ɗakin gwajinku, tsintsiyar aikina a hannu. Kai kuwa ba ka yarda da takardar ba. Ka ɗauki fifet, ɗan bututun nan da kake zuƙo jini da shi daidai awo, ka zuƙi ruwa, ka ɗaga shi, sai ga ɗigo yana taruwa a bakinsa, alamar yana yoyo. Ka kwance shi, ka goge tsatsar ciki da sifirit, ka sauya zoben roba, ka shafa giris. Sau goma ka auna ruwa a sikeli, ni ina bin ka da carbi. Da ka sake gwajin, ashe ƙodarta lafiya lau, zazzaɓi ne kawai.

Ruwan farko a gonarmu ta Darini bai taɓa sanyaya zuciyata haka ba. Wa ya kai ka natsuwa, masoyina? Da me zan gode maka?

To, ga abin da na ɓoye. Ni ce sila. Na ga fifet ɗin ya yi datti, na wanke shi da ruwan sabulu kamar ludayi, na kwantar da shi ya bushe. Da ɗan wani aka gwada fa, aka ɗora shi kan magani?

Jiya ina shara na ga takarda manne a maratayinsa, da Hausa, da manyan baƙaƙe irin waɗanda ka koya mini, cewa kada a wanke shi, a bar shi a rataye. Duk ɗakin nan da Turanci kuke rubutu. Mutum ɗaya ce ke buƙatar Hausa.

Ashe ka sani, kwana goma, kuma ko fuska ba ka sauya mini ba.

Na karanta, Malam. Ni kaɗai na karanta, ba wanda ya taya ni.

Taka har numfashina ya ƙare,
Hansai
Batsari