Labarina Ba Tallar Neman Miji Ba Ne

Zuwa ga Babban Editan mujallar da ta buga rubutuna a shafin zumunci,

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka tare da ma'aikatanka, da fatan kuna lafiya.

"Ko rubutu bai wuce tafin hannu ba, in dai yana da rai, muna da fili dominsa." Kai ka rubuta haka a sharhin edita na fitowarku ta farko, kuma na yarda da kai. Laifina ke nan a wannan magana, sauran duk naku ne.

Ni malamar firamare ce a Rikoto, cikin garin Zuru. Mijina soja ne. Ya tafi aikin kwantar da tarzoma a wata ƙasa, akwatinsa kaɗai ya dawo. Yara sun girma sun watse. Tun daga lokacin nake rubuta gajerun abubuwa, wasu ƙagaggu, wasu abin da na gani da idona, mafi tsawonsu shafi ɗaya. Na daɗe ina nema musu wuri. Jaridu ba su amsa ba. Wani mai buga littattafai a Kano ya ce in ja labarin ya kai littafi na ɗaya zuwa na uku, in ƙara attajiri da mota. Na bi layi a shagon intanet, na samu mujallun ƙasashen waje masu son gajeren rubutu, amma da Turanci. Abokan aikina kuwa, in na ba su, sai su juya takardar suna neman sauran. Saboda haka ranar da na ga alkawarinka, a tsaye na karanta shi har sau biyu.

Ga abin da ya biyo baya.

Na farko. Na aiko muku da rubutuna da damina. A ciki akwai labarin wata mata da mijinta ke da gyambon ciki, ta saba yi masa miya ba yaji. Ya rasu da shekaru, ranar nan ta zuba yaji a tukunya don jin daɗin kanta, sai ta tarar bakinta ya daina ɗauka. Iyakar labarin ke nan. Kun buga shi a shafin zumunci, tsakanin mai gaida masoyiyarsa da mai neman abokin wasiƙa. Kun cire kanun da na sa, kuka rubuta naku, wai bazawara daga Zuru tana neman abokin hira. A ƙasa kuka zuba cikakken sunana da akwatin gidan waya na makarantarmu.

Na biyu. Da na rubuto ina tambaya, sakatarenka ya amsa mini cikin ladabi cewa ƙa'idar ofishinku ce: duk takardar da ba ta cika shafi ba, tiren shafin zumunci ake jefa ta. Wato ba wanda ya karanta. An auna ni da ido, kamar yadda ake auna atamfa. Ranka ya daɗe, in haka kuke aiki, tela kuke bukata, ba edita ba.

Na uku, kuma shi ne ya sa na fito fili. Wan mijina ya hau babur tun daga Ribah da mujallar a naɗe cikin aljihu. Bai zauna ba, bai sha ruwa ba. Ya tambaye ni abin da dangi suka rage ni da shi har na kai gidan ƙanensa kasuwa. Na yi bayani, ya ce shi abin da ke rubuce ya gani. Tun ranar bai sake tako ƙofata ba, kuma shi ne mutum na ƙarshe da nake zama da shi mu yi hirar marigayi. A coci, matan zumunta sun karɓe mini ajin 'yan matan da nake koyarwa.

Sai wasiƙu. Direban tirela, tsohon ɗan sanda, wani manomi daga Kanya da ya lissafa mini shanunsa, wani kuma hoto yake so, na tsaye. Hedimasta ke miƙo mini su a gaban malamai. Kowacce na buɗe ta, don ina cewa ko a cikinsu akwai wanda ya karanta labarin. Shekaru ina jiran ranar da wani da ban sani ba zai rubuto mini saboda abin da na rubuta. Ga wasiƙun sun zo, ba ko ɗaya da ta ambaci yaji.

Abin da nake nema bai da yawa. Ku sake buga labarin da kanunsa, a shafin adabi, ba adireshi. Ku rubuta a ƙarƙashinsa cewa kuskuren naku ne, da manyan baƙaƙen da dattijo zai iya karantawa ba tabarau. Sauran rubutun nawa da ke hannunku, ko ku karanta su ko ku maido mini. Sannan ku faɗa wa masu karatu gaskiya: kuna karɓar gajeren rubutu ko ba ku karɓa? Na tabbata ba ni kaɗai ce ke rubutu a ɗaki ba wanda zai duba.

Na ba ku zuwa fitowar da za ta riga Kirsimeti. In ta fito ban gani ba, zan zauna in amsa wa kowane ɗaya daga cikin masu nemana. Zan gaya musu cewa tunda kai ka tallata ni, kai ne mai ba da aurena, in ba su kwatancen ofishinka dalla-dalla, in ce su zo da dattawansu ranar da kuke haɗa mujalla. Mai tirelar ya ce shi a shirye yake kowane lokaci.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya kare iyalinka daga irin abin da ya same ni, ya kuma ba ka haƙurin karanta shafi ɗaya har ƙarshe.

Wassalam, ina jira.

Malama Rifkatu,
Rikoto, Zuru.