Shekara Bakwai Muna Karya wa Tant Damyana Azumi

Abla Kariman, don girman Allah ki ba ni shawara. Kwana tara ke nan loma ba ta wuce mini maƙogwaro, ni da ciyar da mutane ce sana'ata.

Ina riƙe da wani ɗan gidan abincin Italiya a nan Iskandariyya ta Masar, tebur goma sha ɗaya. Kakanmu ya yi wa wani Ba'italiye, Hawaja Gaetano, aikin kicin shekara ashirin, da mutumin zai koma ƙasarsu ya bar masa wurin har da tukwane. Ni ce a gaba wajen baƙi. Kicin kuwa daular Baffa Shehata ce, yayan mahaifina. Shekararsa saba'in da ɗaya, kuma tun ina goye shi ke kwaɓa taliyar gidan da hannunsa bayan sallar asuba, ƙofa a rufe. Ko mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ganin yadda ake kwaɓin nan ba.

Rabin unguwarmu Kiristoci Kibɗawa ne, kin kuma san azuminsu: ba nama, ba madara, ba cuku, ba ƙwai, duk Laraba da Juma'a, ga kuma babban na kwana hamsin da biyar kafin bikin Ista. Da ya kama sai ki ga teburanmu sun bushe. Shi ne shekara bakwai da suka wuce na ƙara shafi guda a takardar abincinmu, na abincin azumi zalla, na sa aka zana ɗan koren ganye a gefen kowane. Yaran jami'a masu ƙin duk abin da ya fito daga jikin dabba su ma suka sami wurin zuwa. Na tambayi Baffa ko zai riƙa yi mana kwaɓi na dabam wanda ba ƙwai, ya ce, "An gama, 'yar Baffa." Ban sake tambaya ba. Wa ke bincikar wanda ya yi masa tawai?

Yanzu bari in faɗa miki ko wace ce Tant Damyana. Maƙwabciyarmu ce, aminiyar mahaifiyata Samiha, shi ya sa nake kiranta Tant, wato Inna, ita ce ta riƙe ni a asibiti ranar da Mama ta cika. Tun da mijinta ya rasu ba ta son cin abinci ita kaɗai, sai ta fito daga coci ta zo wurinmu duk Laraba da Juma'a, ta zauna a teburin jikin taga, a kawo mata koriyar taliya mai alayyafo da miyar tumatir da tafarnuwa. Matar nan ba ta wasa da azumi. Ko biskit ne sai ta ɗora tabarau ta karanta abin da aka rubuta a bayan leda. Ta taɓa mayar wa mai gidan burodi kayansa don kawai ta ga saman yana sheƙi. Amma namu ko sau ɗaya ba ta taɓa tambaya ba.

Ranar Litinin ta makon jiya Baffa ya zame a matakala ya karya wuyan hannu, aka yi masa ɗori. Dole ta sa ya buɗe mini ƙofar kicin da asuba, ya zauna kan kujera yana ba da umarni ni ina kwaɓi. Na gama na farko, na wanke teburin tas, na zuba sabuwar fulawa na ce to ga na masu azumi. Ya ce, "Fasa shida." Na ce shida me? Ya ce, "Ƙwai mana, ko albasa ake fasawa a garinku?" Na yi dariya, na ɗauka tsokana ce irin tasa. Da na ɗago na ga fuskarsa, wallahi Abla sai na gane ba wasa yake yi ba.

Ashe kwaɓi ɗaya ne. Tun ranar farko ɗaya ne. Wai ya gwada marar ƙwan sau biyu, ta tsinke masa a tukunya, ya ji kunya ya watsar. Na ce Baffa ka san me ka yi kuwa? Ko a jikinsa. Cewa ya yi, "Ke dai kin cika ɗaga hankali. Hawaja Gaetano ya ce taliyar da ba ƙwai igiyar shanya ce. Kuma wanda ya ci bai sani ba, ai Allah ne ya ciyar da shi, azuminsa na nan daram. In akwai zunubi a wuyana yake, ba a wuyansu ba." Kin ji fa. Ya ɗauko hukuncin azuminmu ya yanke wa mutane a nasu addinin, yana zaune da hannu a rataye.

Ban gama farfaɗowa daga wannan ba ya ƙara mini wata. Wai a koriyar taliyar Tant Damyana har kwaiduwa biyu yake ƙarawa da gangan. "Ba ki ga yadda ta koma ba da mijinta Fahim ya mutu? Kamar sillen kara. Likita ya ce ta ci, ta ƙi. To ni na sa ta ci. Dube ta yanzu, har jikokinta take tsere wa a matakala." Yana faɗa idonsa na kawo ruwa. Na rasa ko in rufe shi da faɗa ko in rungume shi, sai na fita tsakar gida na yi ta kuka kamar an yi mini mutuwa.

Daga ranar ban sake fasa ƙwai a na masu azumi ba. Amma abin da na kwaɓa, gaskiya, ko ni ba zan saya ba. Ranar Laraba Tant ta kai loma biyu ta ajiye cokali, ta kira ni ta ce, "'Yar Samiha, wannan ba hannun Shehata ba ne. Me ya sami taliyata?" Na ce ai hannunsa ne ya karye, ni ce nake koyo. Ta shafa kumatuna ta ce in bi a hankali, haka uwata ma ta fara girki. Ta cinye tas don kada in ji kunya. Ban yi mata ƙarya da baki ba, amma na san abin da na yi.

Ga kuma inda ya fi ci mini rai. Muna mako na uku a babban azuminsu, kuma Tant ta riga ta kama tebura a wurinmu na Juma'ar sama, za ta kawo limamin cocinsu da matan ƙungiyarta su goma sha huɗu. A gabana ta faɗa wa ɗaya a waya cewa za ta nuna musu gidan Musulmi da ya fi 'ya'yansu kiyaye musu azumi.

Mijina ya ce in ja bakina in yi shiru, tunda na gyara, abin da ya wuce ya wuce. Ya ce in magana ta fita, unguwa za ta ce da gayya muka yi, a mayar da ita rigimar addini, tsoho ya ƙare rayuwarsa da tambari. Ni ma ina tsoron haka. Amma ba shi ne yake ajiye wa Tant faranti ba. Ina tsoron ta dube ni ta ce har ke, ta tashi, in rasa ta kamar yadda na rasa Mama. In faɗa mata, ko in haɗiye har kabarina?

'Yar Baffa, daga Iskandariyya

'Yata,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ni ma a wajen "fasa shida" sai da na ajiye takardar na yi salati. Ki share hawayenki, ba ke kika fasa ƙwan ba. Laifinki ɗaya ne: kin buga alkawari a takarda ba ki taɓa leƙa tukunya ba.

Baffanki ba mugu ba ne. Mutum ne da ya ga maƙwabciya tana ƙarewa, ya taimaka da abin da ya iya. Amma kada tausayin ya rufe miki ido. Kunyar sana'a ce ta fara sa shi ɓoyewa, tausayin daga baya ya zo. Kuma yaran jami'ar nan fa, su ma ramewa suka yi? Da a cikinsu akwai wanda jikinsa ba ya karɓar ƙwai, da yanzu ba ni kike rubuta wa ba. Fatawar da ya yanke kuwa ba huruminsa ba ce, ba kuma nawa ba. Ko azuminta ya karye ko bai karye ba, tsakaninta ne da limaminta da Ubangijinta.

Mijinki ma bai yi ƙarya ba, magana irin wannan tana iya yin ƙafa. Sai dai ya manta cewa sirrin da tsoho yake alfahari da shi ba ya daɗewa a ciki. Wata rana zai faɗa a wajen shan shayi, ta zagayo ta same ta daga bakin wani. A ranar ne za a ce da gayya aka yi, kuma a ranar za ta gane cewa kin sani kika yi shiru.

Don haka ki faɗa mata, kafin Juma'a. Ba a gidan abinci ba, a ɗakinta. Ki tafi da Baffa, shi zai yi magana da bakinsa, ke ki zauna a gefe. Ki gargaɗe shi tun a hanya cewa haƙuri zai bayar, ba wa'azi ba. Maganar ramarta ya bari sai in ta tambayi dalili. In ya ƙi zuwa, ki je ke kaɗai. Daga nan ki cire shafin abincin azumin nan, ki manna 'yar sanarwa a ƙofa cewa an gano kuskure a taliyar azumi, kuna neman afuwa. Ba sai kin ambaci sunan kowa ba.

Batun taliya kuwa mai sauƙi ne. A kudancin Italiya garin samolina, wato tsakin alkama mai laushi, da ruwan ɗumi kawai suke kwaɓawa, ba kuma ta tsinkewa. Fulawar ce ba daidai ba, ba hannun Baffa ba. Ki faɗa masa haka, zai fi saurin saukowa. Ki ware wa taliyar azumi akushi da wuƙa nata, ki kuma bar ƙofar kicin a buɗe.

Ba zan yi miki alkawarin za ta yi dariya ta yafe ba. Tana iya soke gayyatar, tana iya ɗauke ƙafa har bayan Ista, ko fiye. In ta yi fushi kada ki bi ta da magiya, fushin haƙƙinta ne. Shekara bakwai ana yanke mata hukunci a bayan idonta saboda ana son ta. Wannan karon ku ajiye mata gaskiya a gabanta, ku bari ita ta zaɓa.

Allah ya ba Baffa lafiya, ya sanyaya zuciyar Tant Damyana, ke kuma ya ƙarfafa miki gwiwa a bakin ƙofarta.

Abla Kariman