Fitilar Mama da Firintar Baba

Abla Nagat,

Sallama, da fatan kuna shan ruwa lafiya. Yaya ƙafar Baba? Yaya Mama da yaranki?

Na gode, Abla, Allah ya saka miki da alheri. Tun da azumi ya kama Baba ke kirana yana faɗa, wai firinta ta daina jin kwamfutar ɗakinsa, ga shi ba ya iya karatu sai an buga masa da manyan haruffa. Hotunan jikokinsa ma sun ƙi buɗewa. Daga nan Kuwait na yi ta wahalar da ku a waya, a kashe waifai a kunna, a sake kalmar sirri, duk a banza. Ban kawo a raina ba cewa tsohuwar kwamfutar falo, wadda komai ke bi ta cikinta, a kashe take. Sai da kika durƙusa bayan kujera kika ga Mama ta zare wayarta ta jona fitilar azumi!

Har yanzu ina dariyar amsarta: "Shi wannan akwatin azumi yake yi, da zai tare min soket?"

Ni lafiya lau nake. Aiki da sauƙi, sai dai magariba kan riske ni a bas, in sha ruwa da dabinon aljihuna. Kada Mama ta ji.

Don Allah ki sayo soket mai baki biyu a mayar mata da fitilarta. Ki turo min hotonta a kunne, don a ɗakinmu na nan babu wanda ya rataya ko ɗaya.

Ƙaninki,
Ragab