Ɗaki Ɗaya Nake Roƙo

Zuwa ga Lancy, sanyin idona, inuwar kwakwata a zafin watan Maris, ruwan farko da ke sauka kan jan rufin gidanmu bayan kowa ya gaji da kallon sama, malamin lissafin da ya dagula mini nawa lissafin.

Ina gaishe ka da ƙaunar da ba ta ragu ba ko da ƙwayar shinkafa, duk da cewa kai kullum raguwa kake yi a hannuna kamar sabulun wanki. Tebur ɗaya ne tsakanina da kai a ɗakin malamai, amma ga ni ina rubuto maka takarda sai ka ce kana Dubai. To yaya zan yi? Da na buɗe baki sai ka dubi agogo ka ce yara na jiranka. Takarda dai ba ruwanta da ƙararrawa, sai ka daure ka karanta ta har ƙarshe.

Ka tuna ranar da ka fara leƙowa ɗakin gwaje-gwajena? Ina tsaye da zuciyar akuya a faranti, 'yan ajin ƙarshe masu son zama likitoci sun kewaye ni, ina nuna musu ɗakuna huɗun da ke cikinta. Ka shigo neman alli, ka yi ido biyu da jini, ka sulale za ka faɗi. Ni na zaunar da kai, na yi maka fifita da takardar tambayoyin bara, yara suna ta ƙunshe dariya. Da ka dawo hayyacinka, sai ka tambaye ni ko ta mutum ma ɗaki huɗu gare ta. Na ce ƙwarai. Ka ce, "To, Malama Preema, akwai na haya?" Wayyo Lancy! Tun ranar na miƙa maka makullan duka huɗun. Da kai na tsaya a gadar kogin Netravati da yamma, ka ɗaura mini farin fure a gashi, kana rantsuwa cewa da an wuce Ista za a yi shelar aurenmu a coci, duk garinmu Mangalore ya ji. Iyayena sun amince, naka sun amince, Mama har ta fara rigima da tela.

To me ya faru da kai, hasken ranata?

Ba zan ɓoye maka ba, Venita na fara zargi. Darasin yamma da kake yi wa masu shirin jarrabawar shiga jami'a yakan tashi, yara su watse, amma babur ɗinka yana nan ƙarƙashin mangwaro har inuwa ta cinye filin wasa. Ita kuma Venita, sabuwar malamar da ke ba yara shawarar jami'ar da za su nema, ga gashi har gadon baya, ga dariyar da ake ji tun daga bakin ƙofa. Na sa mata ido, na ci abinci da ita ba don daɗin hirarta ba, na bi da ita ta nan na bi ta can, sai na gano tana da nata saurayin a Kuwait, kai kuwa ba ta ɗauke ka a bakin komai ba sai na'urar lissafi mai sa tabarau. Da farko har na ji haushin rainin, daga baya na yi murna. Murnar ba ta kwana ba, domin washegari babur ɗinka yana nan inda yake, kuma ƙofar da na ga ka fito ta ofishin Fada Valerian ce, shugaban makaranta.

Daga nan idona ya buɗe, na fara ganin abin da na daɗe ina kallo. Ka daina cin kifi, ka ce azumin Lent ne, alhali tun watan Janairu ka daina, ba a ko shafa mana tokar fara azumin a goshi ba. Mama ta bi kwanon da ka ture da kallo, bayan ka tafi ta ce, "Preema, wanda ya ƙi miyar kifina, ko dai ba shi da lafiya, ko ya samu wata uwar." Carbi ya kori biro daga aljihun rigarka. Kana duba takardun yara kana rera waƙar Latin a ƙasan maƙoshi, kai da ko waƙar biki ba ka iya riƙewa. Baba ya je ofishin coci a tsayar da ranar shela, aka ce masa ango ya ce a dakata sai an gama jarrabawa. Jarrabawar wa, Lancy? Ta yara, ko taka?

Ranar da aka tara iyaye don maganar makomar 'ya'yansu ita ta fi tsaya mini a rai. Kowa ya tashi sai injiniya, sai likita, sai aikin nas a ƙasar waje, sai makin da ake nema kafin a shiga nan ko can. Iyaye na ta rubutawa kamar su za su zauna jarrabawar. Da aka zo kanka, kai da ka fi kowa sanin makin kowace jami'a, sai ka cire tabarau ka ce, "Akwai ƙofar da ba a shigarta da maki, kiran mutum ake yi." Iyaye suka dubi juna. Ni Fada Valerian na duba, na gan shi yana gyaɗa kai irin na mai lambun da mangwaronsa ya nuna. Kowa ya san halinsa: duk shekara sai ya bi 'yan ajin ƙarshe da ido yana neman wanda zai tura makarantar horon fadoci, iyaye kuma suna ɓoye 'ya'yansu a bayan littattafan injiniya. Bana bai samu ko ɗaya ba. Shi ne ya juyo da ƙugiyarsa ɗakin malamai?

Kada ka ce zargi ne kawai irin na mata. 'Yan aji na ƙasa da bakinsu suka gaya mini ka ce su riƙe darasin da kyau saboda wanda zai karɓe su baɗi. Wa zai karɓe su? Kai ina za ka? Shekaranjiya kuma Sista Lucilla, wadda tunda na zo makarantar nan ba ta taɓa ce mini komai ba sai "kin makara", ta kama hannuna a baranda ta ce, "'Yata, abin da Ubangiji ya ɗauka ba asara ba ne." Me na yi asara da ake yi mini ta'aziyya?

Ina jin tsoro, masoyina, kuma ina jin haushi, kuma ina jin kunyar haushin. Da mace ce, da na san abin yi: in ɗaura zanen sarina mafi kyau, in cika gashina da fure, in tsaya a gabanta mu ga wadda za ta fara sunkuyar da kai. Amma yaya zan yi kishi da wanda nake durƙusa wa kowace safiya? Wa zan kai wa ƙara? In na shiga ɗakin addu'a in roƙa a bar mini kai, sai in ji kamar na je gidan mai kaya ina roƙonsa ya yafe mini kayansa. In na je furta zunubi, Fadan da ake haɗa baki da shi ne zaune a bayan labule.

Ni na koyar da zuciya, na san ɗakunanta. Ban ce ka hana Allah nasa ba. Ba shi uku, manya-manyan, masu iska. Ɗaya nake roƙo, ko da ƙaramin ne, in shimfiɗa tabarmata in dafa maka kifin da ka daina ci. Mazan da ke zuwa coci da jariri a kafaɗa, su ba kiransu aka yi ba?

Ranar Juma'a za a yi Mas a coci, addu'ar sa wa alƙaluma albarka, kafin yara su shiga jarrabawa. Za su zuba birorinsu a kwando gaban bagadi, Fada ya yayyafa musu ruwa mai tsarki. Ni ma zan saka koren alƙalamin da ka ba ni, wanda na ajiye don sa hannu ranar aurenmu. Na ji an ce Fada ya nemi ka riƙe masa kwanon ruwan, ka bi bayansa. Ni kuwa zan zauna a bencin malamai, in ɗora jakata a gefena kada wani ya zauna. Ba sai ka ce komai ba, tunda magana ta zame maka aiki. Inda na ga ka tsaya, na ji amsata.

Idan gefena ka zo, ba zan ƙara tayar da zancen nan ba har abada, ko Venita zan gayyata biki. Idan kwanon ka ɗauka, ba zan yi kuka a gaban yara ba, ba zan tsine wa kowa ba, ba kuma zan ba wani makullan da na ba ka ba. Zan ci gaba da yanka zuciyar akuya duk shekara ina ƙirga wa yara ɗakunanta. Wata rana za ka dawo cikin farar riga, garin nan duka ya taso yana sumbatar hannunka, Mama ma ta rusuna ta ce Fada. Ni kaɗai ba zan faɗa ba. Lancy na san ka, Lancy zan kira ka, ko a gaban bagadi ne, har ranar da za a rufe ni da ƙasa.

Taka jiya, taka ranar Juma'a, taka bayan Juma'a,
Preema