Ƙwayoyin Nafisa a Mayafin Gwaggo

Daren Talata, Dar Salam, Omdurman

Shekaranjiya aka sallamo 'yata Nafisa daga asibiti, bayan an yi mata aiki an ciro ɗa namiji. Daktora, wato likitarta, ta rubuta ƙwayoyin rage zafi, ta ce ba sa ɓata nono. Sai da na je har Kasuwar Libiya ta nan Omdurman kafin na same su, domin tun da yaƙi ya zo magani ya yi wuya.

Yau da la'asar na tarar gumi ya jiƙa matashinta, ƙwayoyin kuwa suna ƙulle a bakin mayafin Gwaggo Asabe, gwaggon mijinta.

"Malam, haihuwar fari ce," in ji ta. "Mu a durƙushe muka haihu, ba wanda ya ji muryarmu. Idan ta saba da ƙwaya, yaushe za ta koyi dauriya?"

Na tambayi Nafisa jikinta. Ta dubi dangin mijinta da suka cika ɗakin, ta sunkuyar da kai.

"Da sauƙi, Baba."

Leɓenta ya fashe saboda cizo. Wuƙa aka sa wa yarinyar nan, amma kunyarta ta fi ciwonta daraja a wurinsu.

Na miƙa hannu, ban janye ba har Gwaggo ta kwance ƙullin. Ta fita tana rantsuwa ba za ta zo suna ba.

Gobe zan tara su, in roƙi haɗin kansu cikin girmamawa: magani zai zauna a aljihuna, kuma kada kowa ya sake tambayar Nafisa jikinta a gaban mutane.