Kafin Ruwa Ya Kai Yunyang

Wanzhou, Oktoba 2002

Yaya Dehai,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya kai da matarka Yaya Guiying da yara. Da ƙarar ma'aikatar ƙarfe ba ta cinye maka kunne ba, da waya zan buga. Ka nemi wuri ka zauna.

Baba ya ɓace.

Lafiya lau muka taso daga Chongqing. Yana zaune a bakin jirgin ruwa da bargo a gwiwa, yana nuna mini duwatsu yana kiran sunayensu. Ko'ina a jikin tudu an kafa alluna da jan rubutu, alamar inda ruwa zai kai idan an rufe madatsar da ake ginawa a kogin. Da muka tsaya a Wanzhou na ce, "Baba, ga garinku, mu sauka." Ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce, "Je ki samo mini taliya mai yaji, ta jirgin nan kamar igiya take." Na hau matakala, na sayo, na dawo. Bargon yana kan kujera, shi babu.

Na sa an duba har ɗakin inji. Matuƙin ya ce ba zai tsayar da jirgi guda saboda tsoho ɗaya ba, sai na sauke kayanmu. 'Yan sanda sun karɓi hotonsa. Rabin garin nan a rushe yake, ƙura da ƙarar guduma ko ta ina. A unguwar da yake cewa an haife shi, na tambayi tsofaffi, babu wanda ya taɓa jin sunansa.

Maganin zuciyarsa yana cikin jakata, Yaya.

Ka aiko amsa ta gaggawa zuwa masaukin baƙi na bakin tasha. Ka yi mini faɗan daga baya.

Ƙanwarka,
Lanfen

Baotou

Lanfen,

Muna gaishe ki. Faɗa kuwa yanzu zan yi shi. Sai da na ce mutumin da ke haki daga ɗaki zuwa banɗaki ba a kai shi yawon kogi. Kika ce ni ba ni da tausayi. To ga tausayinki nan.

Ki bar Wanzhou, ba za ki same shi a nan ba. Ba garinsu ba ne. A tsohon Yunyang aka haife shi, unguwar masu saƙa kwando. Mama ta faɗa mini kafin ta rasu, ta ce in rufe bakina, na rufe. Yana da ƙanwa, sunanta Shulan. A shekarun yunwa ya sami aiki a arewa, mahaifiyarsu tana kwance ba lafiya. Ƙanwar ta ce masa in ya hau jirgi kada ya dawo. Ya hau. Tsohuwar ta mutu a hannunta, kuma daga nan ba su sake magana ba. Ban sani ba ko tana raye.

Na nemi hutu, sun ce sai ƙarshen wata. Idan kin gan shi ki fara dura masa magani, sannan ki sa shi a jirgi ko yana so ko ba ya so.

Ki riƙa cin abinci. Na san halinki.

Yayanki,
Dehai

Yunyang

Yaya Dehai,

Gaisuwa da fatan alheri. Yana raye. Na fara da wannan don kada ka yaga takardar wajen sauri.

Kafin amsarka ta zo, 'yan sanda sun kira ni in duba wani tsoho da aka tsamo daga ruwa. Ƙafafun na fara gani. Ba shi ba ne.

Na shigo ƙaramin jirgi zuwa nan. Mutanen tsohon gari duk an kwashe su, wasu zuwa sabon gari, wasu zuwa bakin teku. Layi guda ba ƙofa ba taga, sai karnuka. Wata mai tsintar bulo ta ce, "Shulan mai kwando? Wannan mai taurin kan? Bi hayaƙi, ita kaɗai ta rage."

Na same shi a tsakar gidanta yana fere gora, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Ya dube ni ya ce, "Ina taliyata?" Yaya, saura kaɗan in maka masa jakar. Na sa masa ƙwaya a baki.

Goggo Shulan 'yar ƙarama ce, fuskarta irin taka sak, har tsukewar bakin. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan ce 'yar? Ba su cin shinkafa a arewa?" Ta zuba mini, ta tsaya a kaina sai da na cinye.

An ba ta wuri a jirgin ƙarshe mai zuwa bakin teku, inda jikokinta suke, amma ta ce ba inda za ta. Kabarin mahaifiyarsu yana ƙasa da allon jan rubutu, ruwa zai rufe shi. Kowa ya kwashe ƙasusuwan iyayensa zuwa sabuwar maƙabarta a kan tudu, ita ta hana a taɓa nata. A gabana ta ce wa Baba, "Ni na ɗauke ta zuwa rami ni kaɗai. Sai da ruwa ya kusa zuwa sannan ka zo. To, kai za ka hau da ita."

Na ce, "Goggo, zan kawo 'yan dako. Ko ni in ɗauka."

Ta ce, "'Yan dako ta haifa?"

Na ce zuciyarsa ba za ta iya ba, likita ya hana shi hawan bene ma. Baba ya ce, "Lanfen, ba da ke ake magana ba." Na je na duba matakalar da ake hawa zuwa maƙabartar. Tun daga bakin ruwa take miƙewa, ba ka ganin ƙarshenta sai ka karya wuya. Ni da nake da lafiya sai da na zauna a hanya.

Mai duba ranakun sa'a ya tsayar musu da ranar tono ƙasusuwan, ta kusa. Ma'aikatan rusau suna zuwa kullum su tsaya a ƙofa suna shan taba suna kallonmu. Baba yana saƙa kwandon da zai goya ta a ciki da kansa. Na ɓoye masa wuƙa, ya ɗauko wata. Me zan yi, Yaya?

Ƙanwarka,
Lanfen

Baotou

Lanfen,

Gaisuwa. Ki hana shi. Ki kulle ƙofa, ki kira 'yan sanda, ki ce ya ruɗe. Ki gaya wa matar nan ni ne babban ɗansa, zan zo in ɗauki kakarmu a bayana, su jira ni. Na ajiye wa masu ma'aikata aikinsu ko sun yarda ko ba su yarda ba. Ina roƙonki.

Dehai

Asibitin sabon gari, Yunyang

Yaya,

Gaisuwa. Wasiƙarka ta zo bayan an gama.

Ban kulle ƙofa ba. Na bi bayansa a matakalar, hannuna a ƙasan kwandon, duk lokacin da na taɓa sai ya tsaya cak har in saki. Ya kai kakarmu har maƙabartar. Ya sauke ta da hannunsa, sannan ya zauna a ƙasa, bai iya tashi ba.

Yana numfashi. Likita ya ce kada ka tsaya a hanya.

Jirgin Goggo ya tafi jiya, ba ta shiga ba. Tana bakin gadon tana masa faɗa yana shan romo da ƙyar. Ɗazu ta tambaye ni wace irin miya kake so.

Sai ka iso.

Ƙanwarka,
Lanfen